Motar Lantarki Da Motar Fetur: Ina Arahar Take?

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin zirga-zirga ya zama babban nauyi a kan 'yan kasuwa. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma kimanin Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba, 2024, ta haura Naira 1,000 a Abuja. Wannan ne ya sa wasu masu hali suka fara tambayar ko motar da ake yi wa caji a gida ta fi sauƙin riƙo. Amsar ta dogara ne a kan inda wutar cajin ta fito.

Motar fetur ana auna cinta da lita, ita kuwa ta lantarki da yunit, watau ma'aunin nan da mitar gida ke ƙirgawa. Matsakaiciyar motar fetur kan sha lita 8 zuwa 10 a tafiyar kilomita 100 cikin gari. Takwararta ta lantarki kan ci yunit 15 zuwa 18 a wannan tazara, amma da yake wani kaso na wutar yakan salwanta wajen caji, ya kamata mai lissafi ya ɗauki yunit 20.

A watan Afrilu, 2024, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225, kafin a ɗan rage shi daga baya. In aka yi lissafi da farashin shekarar 2024, lita 9 a kan Naira 1,000 ta kama Naira 9,000, yunit 20 kuma Naira 4,500. Ga wanda ke tafiyar kilomita 1,500 a wata, Naira 135,000 ke nan a gidan mai, ko kuwa Naira 67,500 a mita. Ko da wutar da ta fi kowace tsada, mai motar lantarki ya tsira da rabin kuɗinsa.

Kazalika a cunkoso irin na Legas, injin fetur yana ƙona mai ko da motar ba ta motsi, ita kuwa ta lantarki ba ta cin wani abin kirki a tsaye ban da na na'urar sanyaya iska. Ba ta kuma bukatar juyen baƙin mai ko sauya fulogi.

Sai dai duk wannan lissafi ya ginu ne a kan cewa akwai wuta. Masu rukunin B zuwa E, waɗanda rabonsu ya kama daga awa 16 zuwa awa 4 a rana, sun fi samun yunit da araha, amma sau da yawa sai sun nemi agajin janareta. Ƙaramin janaretan fetur kan ba da kimanin yunit 2 ne daga kowace lita. Samun yunit 20 zai ci lita 10, watau Naira 10,000, fiye da abin da motar fetur za ta sha a wannan tafiya. Wanda ke caji da janareta, fetur ɗin da ya guje wa a gidan mai shi yake ƙonawa a bayan gidansa, ga hayaƙi da kuɗin gyara. In rabin cajin daga mita ne, rabi daga janareta, kuɗin ya zama Naira 7,250, ribar ta ragu sosai.

Akwai kuma batun lokaci. Motar Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya haɗa a Legas aka kuma ƙaddamar a shekarar 2020, tana da batir mai ɗaukar yunit 64. Cika shi daga soket na ɗaki yakan ɗauki fiye da awa 20, yayin da na'urar caji ta bango mai ƙarfin kilowat 7 kan gama cikin kimanin awa 10. Amma mai tafiyar kilomita 40 a rana yunit 8 kawai yake bukata, abin da soket zai ba shi cikin awa uku zuwa huɗu. Saboda haka wutar dare mai ɗorewa ta wadatar da zirga-zirgar cikin gari, muddin wayoyin gidan za su ɗauki nauyin.

Hanya ta uku ita ce hasken rana. A shekarar 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ga mai gida ko mai masana'anta, kuɗin faifan sola da batura ana biyansa ne tun farko, kuma hanyar ta fi dacewa da motar da ke ajiye da rana a harabar shago ko ofis.

Wani abin lura shi ne, kuɗin fetur a fili yake, ana biya a karɓi rasit, amma kuɗin caji yakan ɓace cikin kuɗin wutar gida. A gidan haya mai mita ɗaya, ko inda direba ke kwana da motar kamfani, rigima na iya tasowa kan wanda zai biya. Maganin wannan shi ne a sa wa wurin cajin mita ta daban.

Daga ƙarshe, kuɗin sayen motar lantarki ya fi na irin motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje, waɗanda suka cika kasuwanninmu, kuma batirinta shi ne kayan da ya fi tsada in ya lalace. Kafin ɗan kasuwa ya yanke shawara, sai ya ninka farashin yunit ɗinsa da 20, ya ninka farashin lita da 9, ya kwatanta, sannan ya ƙirga awa nawa wuta ke zama a unguwarsa da dare. Mai yawan tafiya da ke da tsayayyar wuta shi zai fi saurin mayar da kuɗinsa. Wanda ya dogara da janareta kuwa, gara ya fara gyara batun wuta kafin ya sayi motar.