Hukuncin Kunne da Sakamakon Awo a Kan Turancin Wanda Ya Koye Shi

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa zama alƙalin jarrabawar Turanci ta baka ya san cewa kafin ɗalibi ya kai ƙarshen jimla ta biyu, kunne ya riga ya yanke masa hukunci. Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda hukuncin nan yake daidaita, ko yake saɓawa, da abin da awo yake nunawa. Abin da ake nufi da awo a nan shi ne duk hanyar da za a ƙidaya abu a sami adadi, ba tare da an nemi ra'ayin mai sauraro ba.

2.0 Abubuwa uku da akan cakuɗa

Masana sun rarrabe abubuwa uku. Na farko shi ne baƙon lafazi, wato nisan furucin mutum da wanda mai sauraro ya saba ji. Na biyu sauƙin fahimta, wato yawan wahalar da mai sauraro yake jin ya sha kafin ya gane. Na uku kuwa fahimtuwa, wato abin da ya gane a haƙiƙa. Biyun farko ra'ayi ne, akan ba su maki. Na ukun shi ake aunawa, ta hanyar sa mai sauraro ya rubuta abin da ya ji, a ƙidaya kalmomin da ya samu daidai.

A shekarar 1995 Munro da Derwing suka gwada wannan a Kanada. Sun ɗauki muryoyin mutum 10 masu harshen Mandarin na ƙasar Sin suna Turanci, suka sa Turawa 18 suka rubuta abin da suka ji, kana suka ba da maki. Sai aka tarar da jimloli da dama waɗanda aka ce lafazinsu ya yi nauyi ainun, amma an rubuta su ba kuskure ko ɗaya. Ashe nauyin lafazi daban, rashin fahimtuwa daban.

3.0 Inda kunne da awo suke haɗuwa

Ta fuskar kwararar magana, kunne bai cika kuskure ba. Ana auna yawan gaɓoɓin da mutum ke furtawa a minti guda, da tsawon abin da yakan faɗa kafin ya dakata. Binciken Kormos da Dénes na 2004 a kan 'yan Hungari masu koyon Turanci ya nuna cewa waɗannan ma'aunai sun dace ƙwarai da makin da malamai suka bayar. Sai dai ma'aunin sauri ba ya bambance mai magana da ma'ana da mai zuba kawai.

4.0 Inda kunne yake ruɗuwa

A 1992 Rubin ya kunna wa ɗaliban jami'a a Amurka faifan lacca da muryar wata haifaffiyar jihar Ohayo. Wasu aka nuna musu hoton Baturiya, wasu hoton mace 'yar Asiya, a matsayin mai maganar. Waɗanda suka ga hoto na biyu suka ce sun ji baƙon lafazi, har ma sakamakonsu a gwajin fahimta ya yi ƙasa, alhali murya ɗaya ce. Wannan ya nuna cewa abin da mai sauraro ya ƙudurta a zuci yana shiga hukuncinsa, yana kuma iya taɓa awon kansa, tun da shi ma da mutum ake yin sa.

5.0 Turancin Bahaushe

A kundinsa na digirin digirgir a Jami'ar Landan cikin 1974, Tiffen ya auna fahimtuwar Turancin ɗaliban jami'a 24 'yan Nijeriya, Hausawa 12 da Yarabawa 12, ga kunnen mutanen Ingila. A magana mai ɗorewa, matsakaicin abin da aka gane kimanin kashi 64 ne cikin 100. Babban abin da ya hana fahimta shi ne ƙarfafa gaɓar da ba ita ba da kuma saɓa tafiyar jimla. Kuskuren baƙi da wasali ya biyo baya.

Abin lura shi ne, abin da jama'a suka fi kamawa a bakin Bahaushe shi ne musayar /p/ da /f/, da furta /z/ a farkon kalma irin "the". Su ma ba nauyinsu ɗaya ba. Kalmomin Turanci da /p/ da /f/ kaɗai suka bambanta su suna da yawa, kamar "pull" da "full", ko "pan" da "fan", saboda haka musayarsu na iya sauya ma'ana. Furta /z/ a "the" kuwa da wuya ya ɓatar da mai sauraro, ko da yake shi ne ya fi saurin tona asalin mai magana.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya kamata mai jarraba ɗalibai ya ware makin fahimtuwa daga makin lafazi, ya sa aƙalla mutum biyu su saurari faifai ba tare da sun ga fuskar ɗalibin ko sunansa ba, ya kuma gwada makinsu da rubutun abin da aka ji. A aji kuma, lokacin da ake ɓatawa wajen kankare lafazi ya fi dacewa a ba da shi ga ƙarfafa gaɓa da sautukan da ke sauya ma'ana, domin a kansu ne fahimta ta rataya.