Ruwa Garai-Garai, Amma Da Guba

A ƙasar Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse don gudun kwalara, sai a 1993 aka gano da yawansu na ɗauke da gubar asanik. Ba launi, ba wari, tafasa ruwan kuwa ba ya fitar da ita. Sannu a hankali take kawo kaushin tafin hannu da ciwon daji.

Wani masani ɗan ƙasar, Abul Hussam, ya ƙera matata da bokiti biyu, ɗaya bisa ɗaya. Na ƙasa yashi da gawayi. Na sama kuwa yashi da ɓarɓashin ƙarfe, nan fa aikin yake, domin gubar manne wa ƙarfen take yi kamar ƙarangiya a zane, ruwan ya wuce abinsa. A 2007 matatar ta ci masa kyautar dala miliyan 1 a Amurka.