Guzurin Tafiya Umara da Ƙananan Yara: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Tanada



A kowace shekara, musamman a watan Ramalana, iyalai da dama suna tafiya Umara tare da 'ya'yansu. A Makka da Madina yaro zai shiga cunkoson jama'a daga ƙasashe daban-daban, ga zafin da kan wuce digiri 40 a lokacin bazara. Don haka muke jawo hankalinku ga guzurin da zai kare lafiyarsa.

Guzuri na farko: takardu

Kowane yaro, ko jariri ne, yana buƙatar fasfo nasa na kansa. A haɗa da katin rigakafinsa na asibiti da kuma katin shaida mai ruwan ɗorawa, wanda ake nunawa a filin jirgi. A sanya su a jakar hannu, kada a bar su cikin akwati.

Ana yi wa yaro allurar shawara da ta ƙyanda yana da wata 9. Shaidar allurar shawara tana fara aiki kwana 10 bayan yin ta, kuma tun daga 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Bayan ɓarkewar sanƙarau a aikin Hajjin 2000 da 2001, Saudiyya ta sanya allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i huɗu cikin sharuɗɗan Hajji. Cunkoson Umara ma yana da irin wannan haɗari, saboda haka muna ba da shawarar a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tashi.

A 2020 an tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna, amma wani nau'inta bai gushe ba a wasu yankunanmu. A kai yaro a ɗiga masa maganin aƙalla mako 4 kafin tafiya.

Guzuri na biyu: magunguna

Gudawa kan ƙarar da ruwan jikin yaro cikin sa'o'i kaɗan. A riƙi ƙunshin ORS, wato haɗin gishiri da sukari, a dama shi da ruwa mai tsabta kamar yadda aka rubuta a jikinsa. A haɗa da ƙwayar zinc, wadda ake bayarwa kullum tsawon kwana 10 zuwa 14. A tanadi farasitamol na yara da ma'aunin zafin jiki. Yaron da ke shan magani na yau da kullum, kamar mai amosanin jini ko asma, a ɗauki wanda zai ishe shi, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita.

Guzuri na uku: kayan yau da gobe

A tanadi ƙunzugu isasshe, da sabulu, da tufafin auduga marasa nauyi, da hula ko laima, da rigar sanyi ɗaya saboda na'urar sanyaya jirgi da ta masauki. Uwa ta shayar da jariri lokacin tashin jirgi da saukarsa, domin haɗiya tana rage ciwon kunne. A ɗaura wa yaro shaida a hannu mai ɗauke da sunansa da na masauki da lambar wayar mahaifinsa. Kada a karɓi saƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Idan zazzaɓi ya kama yaro a can, a gaya wa likita cewa daga ƙasar da ake fama da zazzaɓin cizon sauro kuka fito.

Kira ga malamai

Wurinku maniyyata ke zuwa neman sanin hukunce-hukuncen Umara. Muna roƙon ku riƙa tunatar da su cewa 'ya'ya amana ce, kuma riƙon sababi ba ya kore tawakkali. Ku umarce su da zuwa asibiti mafi kusa wata guda kafin tafiya.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya karɓi ibada. Amin.