Bindiga Mai Ja da Hannu ko Mai Ɗura Kanta?

Inda gadu da birai suke ɓarna a gonakin masara da rogo, ƙungiyoyin manoma sukan yi shawarar sayen bindigar farauta. Bari mu duba iri biyu.

Ta fari, bayan kowane harbi sai mutum ya ja katakon da ke ƙarƙashin bututun, ya sāke tura shi gaba. Kwanso ya fita, sabon harsashi ya shiga. Tana da araha, tana jimre ƙura, ba ta zaɓen harsashi.

Ta biyu, ƙarfin harbin ne yake ɗura mata harsashi na gaba. Ta fi sauri, amma ta fi tsada. In ba a share ta ba, ko harsashin ba shi da ƙarfi, sai ta cije.

Ga aikin ƙauye ta fari ta fi. Amma a lura, dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ba ta sa ko ɗayansu cikin waɗanda 'yan sanda ke ba da lasisinsu ba. Shawararmu ita ce a nemi mai baki ɗaya ko biyu, a kuma sami lasisi tukuna kafin a taɓa kuɗin ƙungiya.