Wutar da ke tsallaka iyaka

Mai injin niƙa a Maraɗi da mai walda a Katsina daga randa ɗaya suke shan wuta. Tun 1976 layin Birnin Kebbi ke kai wa Yamai lantarki, wani kuma ya tashi daga Katsina ya bi ta Gazawa zuwa Maraɗi da Damagaram. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Nijeriya take zuwa.

Irin wannan cinikin ECOWAS ta so ta faɗaɗa lokacin da ta kafa kasuwar lantarki ta WAPP a 1999, mai hedikwata a Kwatano. Mai rara, ko ta madatsar ruwa ko ta iskar gas, ya sayar wa maƙwabcin da ke ƙona dizal, kowa ya samu sauƙi.

Sai dai kasuwa da amana take tsayuwa. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, Nijeriya ta yanke wutar a matsayin takunkumi, ba a ɗage shi ba sai Fabrairun 2024. Masu ƙanƙara da teloli da ƙananan asibitoci ne suka ji a jikinsu, su da ba su hamɓarar da kowa ba. Har yanzu abin yana ci mini rai. Wa zai zuba jari a masana'anta alhali rigimar shugabanni na iya kashe masa inji?

Farashi ma da tabbas ake auna shi. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A a Nijeriya zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alƙawarin wutar awa 20 a rana. Da tsada, amma dizal ya fi shi cin riba. Abin da ke karya mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai shi ne ya biya kuɗin, sannan ya tayar da janareto, kamar yadda aka yi a Oktoban 2024 da Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna.

Batun sauyin yanayi nan ya shigo, domin duk ɗaukewar wuta hayaƙin janareto ce. Tashar hasken rana ta Gorou Banda, mai megawat 30, tana taimakon Yamai da rana, amma da magariba sai an nemi wutar madatsar ruwan Kainji ta Nijeriya. Shi ya sa na ƙosa a kammala babban layin da zai haɗa Birnin Kebbi da Yamai da Wagadugu da arewacin Binin, tare da yarjejeniyar da za ta hana kowace gwamnati kashe shi don fushi.