Kitsen Tantanin Gansakuka: Yadda Za a Koyar da Shi Cikin Hausa

Ɗalibin Katuzu bai rasa sanin gansakuka ba, domin yana ganin ta kwance a kan ruwan kududdufai da gefen Kogin Yobe a Gashuwa, da kuma tafkin Nguru, wanda aka sanya cikin jerin dausayin Ramsar a shekarar 2000. A ganinmu, daga wannan sani ya kamata darasi ya tashi.

Koriyar gansakuka tarin ƙwayoyin halitta ce, kuma kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani mai ruɓi biyu na kitse. Singer da Nicolson sun bayyana a 1972 cewa tantanin nan motsi yake kamar mai. Tubalinsa shi ne asid na kitse, wato sarƙa mai yawanci kabon 16 ko 18, wadda ake ƙerawa a sashen ƙwayar mai koren launi, inda ake sarrafa hasken rana.

A nan Hausa ta hutar da malami, tun da ta riga ta raba kitse da mai. Kitsen rago yana daskarewa ne saboda yawancin sarƙoƙinsa miƙaƙƙu ne, suna cunkushewa wuri guda. Na man gyaɗa kuwa suna da lanƙwasa, sai ya zauna ruwa-ruwa. Idan hunturu ya sanyaya ruwa, gansakuka kan ƙara wa sarƙoƙinta lanƙwasa don kada tantanin ya sandare. Da bazara sai ta rage. Idan kuma sinadarin naitirojin ya yi mata ƙaranci, sai ta rage hayayyafa ta shiga tara mai cikin ƙwayarta a matsayin guzuri. Wannan mai ne masana ke nazarin mayarwa makamashi. Haka nan wani kaso na man omega-3 da ke jikin kifin fadama daga gansakuka ya samo asali, ta hanyar ƙananan halittun da kifin ke ci.

Don haka muna ba masu tsara manhaja shawarar su tsayar da “tantani”, “kitse” da “mai” a matsayin keɓaɓɓun kalmomi. Malami kuma ya fara da gwaji: ya ajiye kitse da man gyaɗa su kwana a waje cikin sanyin Janairu, ɗalibai su duba da safe, sannan ya kawo gansakuka cikin kwalba ya tambaye su me ya hana ta sandarewa.