Ƙiba, Rama da Hannun Jari: Fashin Baƙi kan Muhawarar Ƙananan Masu Zuba Jari a Magungunan Rage Ƙiba Daga Mahangar Kasuwar Dirin Daji

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin muhawarar da ta kaure tsakanin ƙananan masu zuba jari tun daga shekarar 2024 a kan hannun jarin kamfanin Hims & Hers Health na ƙasar Amurka, wanda darajarsa ta rataya a kan allurar rage ƙiba. An ɗauki cinikin hatsi da dabbobi na Dirin Daji a ƙasar Zuru a matsayin ma'auni, domin a kusanto da batun ga tunanin Bahaushe. Maƙalar ta nuna cewa farashin irin wannan hannun jari ya dogara a kan abubuwa uku da ba su hannun mai jari: ma'anar da al'umma ta bai wa ƙiba, ƙarancin magani, da hukuncin hukuma. Ta kuma nuna wuraren da kalmomin Hausa kan iya rikitar da mai karatu a wannan fage.

Fitilun Kalmomi: ƙiba, rama, hannun jari, riba, Dirin Daji

1.0 Gabatarwa

Dirin Daji gari ne a Ƙaramar Hukumar Sakaba, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Zuru a Jihar Kebbi; sauran su ne Zuru da Fakai da Danko/Wasagu. Yankin ƙasar noma ce da kiwo, kuma Hausa ce harshen ciniki tsakanin al'ummomin da ke zaune a cikinsa, irin su Dakarkari da Kambari da Fulani da Hausawa. A irin wannan kasuwa, mai ƙaramin jari kan sayi ramammen rago ko sa, ya turke shi, ya ciyar da shi dusa da harawa, sannan ya fitar da shi gab da Babbar Salla. Ƙibar dabbar ita ce ribarsa. A kasuwar hannayen jari ta birnin Niyok kuwa, wasu masu ƙaramin jari suna jiran riba daga ramar mutane. Tun da wayar hannu ta bai wa malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti a Nijeriya damar sayen hannun jarin kamfanonin Amurka, ya dace masu nazarin Hausa su fahimci abin da ake gardama a kai da kuma kalmomin da za a bayyana shi da su.

2.0 Ƙiba da Rama a Tunanin Bahaushe

A al'adance, Bahaushe na kallon ƙiba a matsayin shaidar wadata da kwanciyar hankali. Idan aka ce amarya ta yi ɓulɓul, yabo ne gare ta da mijinta. Idan aka ce wane ya aje tumbi, ana nufin ya samu. Karin maganar da ke cewa kallon kitse ake yi wa rogo ta ɗora kitse a matsayin abin marmari. Rama kuwa tana tafiya da ciwo ko yunwa ko damuwa, shi ya sa ake tambayar wanda ya rame ko lafiya. Sunan da Hausa ta bai wa cuta mai karya garkuwar jiki, wato ƙanjamau, yana da tushe ɗaya da ƙanjamewar jiki. Wannan tunani ne ya haifar da kasuwar magungunan ƙara ƙiba a garuruwan Arewa, har ake yi wa wasu ƙwayoyi laƙabi da "sha ka fashe".

Tunanin yana da dalilinsa. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 66 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Kebbi sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, adadi mafi yawa a duk jihohin Nijeriya a lokacin. Amma binciken ya kuma nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. Yunwa da teɓa suna zaune a ƙasa ɗaya. Yaɗuwar ciwon suga da hawan jini ta sa kalmar "ƙiba" ta fara ɗaukar ma'ana ta biyu, wato cuta, har tallan maganin rage tumbi ya shiga rediyo da kasuwanni.

3.0 Magungunan da Yadda Suke Aiki

Bayan an ci abinci, hanji kan fitar da wani sinadari da masana ke kira GLP-1. Aikinsa shi ne ya taimaka wajen fitar da insulin, ya jinkirta saukar abinci daga ciki, ya kuma isar wa ƙwaƙwalwa da saƙon ƙoshi. Magungunan da ake magana a kansu suna kwaikwayon wannan sinadari ne, kuma galibi allura ce da ake yi sau ɗaya a mako.

Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ya samar da semaglutide. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi da sunan Ozempic domin ciwon suga a Disambar 2017, sannan da sunan Wegovy domin rage ƙiba a Yunin 2021. Kamfanin Eli Lilly na Amurka ya biyo baya da tirzepatide, mai suna Mounjaro a 2022 da Zepbound a 2023. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, masu amfani da semaglutide sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu cikin mako 68. Sai dai waɗanda aka bibiya bayan sun daina allurar sun mayar da kusan kashi biyu bisa uku na abin da suka rage cikin shekara ɗaya. Daga cikin illolin da aka fi samu akwai tashin zuciya da amai da gudawa.

Komawar ƙiba bayan daina magani damuwa ce ga majinyaci, amma ga mai jari tana nufin abokin ciniki na dindindin. Idan aka haɗa wannan da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa fiye da mutum biliyan ɗaya ne ke fama da matsananciyar ƙiba a 2022, za a gane dalilin da ya sa Novo Nordisk ya zama kamfani mafi daraja a Turai a Satumbar 2023.

4.0 Kamfanin Hims & Hers da Tushen Muhawara

An kafa Hims & Hers a San Faransisko a 2017, kuma ya shiga kasuwar hannayen jari ta Niyok a Janairun 2021. Sana'arsa ita ce haɗa majinyaci da likita ta intanet tare da aika masa magani gida. Dokar Amurka ta yarda kantunan harhaɗa magani su yi kwatankwacin maganin wani kamfani muddin hukuma ta sanya shi cikin jerin waɗanda suka yi ƙaranci, kuma semaglutide ya shiga jerin a 2022. Ta wannan kafa ce kamfanin ya fara sayar da nasa haɗin a Mayun 2024 a kan farashin da ya fara daga dala 199 a wata, lokacin da farashin Wegovy ya haura dala 1,300.

Hannun jarin da bai kai dala 10 ba a farkon 2024 ya wuce dala 60 a Fabrairun 2025. Ranar 21 ga wannan wata, FDA ta bayyana cewa ƙarancin ya ƙare, sai farashin ya faɗi da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu a yini guda. A ƙarshen Afrilu, Novo Nordisk ya ƙulla yarjejeniyar sayar da Wegovy ta hannun kamfanin, farashin ya sake tashi. Ranar 23 ga Yuni kuma ya warware ta, yana zargin kamfanin da ci gaba da sayar da haɗin ba bisa ƙa'ida ba. Shugaban Hims & Hers, Andrew Dudum, ya mayar da martani cewa an matsa musu ne su karkatar da majinyata zuwa Wegovy. A ranar, hannun jarin ya zubar da kusan kashi ɗaya bisa uku na darajarsa.

4.1 Hujjojin Masu Kyakkyawan Zato

Masu riƙe da hannun jarin suna kafa hujja da cewa kamfanin ya girmi allurar, domin yana da miliyoyin masu biyan kuɗi wata-wata saboda wasu magunguna, kamar na zubewar gashi da na fata. A ganinsu, wanda ya mallaki ƙofar da majinyaci ke shiga zai ci riba ko da maganin wane ne ya yi fice, kamar yadda dillali ke samun la'ada ko dabbar wa aka sayar.

4.2 Hujjojin Masu Ɗari-ɗari

Ɗaya ɓangaren na cewa hauhawar ta ginu ne a kan rangwamen doka na ɗan lokaci. Haƙƙin mallakar ƙirƙirar semaglutide a Amurka yana hannun Novo Nordisk har zuwa farkon shekarun 2030, don haka mai sayar da kwatankwacinsa yana cikin barazanar shari'a kullum. Kamfanin kuma ba ya raba ribar shekara ga masu hannun jari, saboda haka babu abin da mai jari zai samu sai idan wani ya saya a hannunsa da tsada. Wasu daga cikin masu wannan ra'ayi kan ari hannun jarin su sayar, da fatan su saye shi da araha bayan ya faɗi, abin da ke ƙara wa farashin tangal-tangal.

5.0 Kasuwar Dirin Daji a Matsayin Ma'auni

Ɗan kasuwar hatsi ya san wannan lissafi tun kafin zuwan intanet. Yakan sayi dawa ko masara da kaka lokacin da kaya suka yi yawa, ya kimsa a sito, ya jira damina ta yi nisa rumbuna su yi ƙasa. Ribarsa tana cikin ƙaranci, kuma sanarwa ɗaya daga sama na iya rushe ta. A Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye harajin shigo da wasu nau'o'in hatsi na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauka a kasuwannin Arewa, masu ajiya da dama suka tafka asara. Abin da sanarwar FDA ta yi wa masu hannun jarin Hims & Hers ke nan.

Amma akwai bambanci guda biyu masu muhimmanci. Na farko, mai ajiyar hatsi yana riƙe da buhu. Ya soka hannu ya ga ƙwayar, ya san manomin, kuma idan kasuwa ta juya masa baya iyalinsa za su ci tuwo. Mai hannun jari yana riƙe da lamba ce a fuskar waya, kuma labarin da zai sauya farashin yakan riski manyan 'yan kasuwa kafin ya iso gare shi. Na biyu, mai jari daga Nijeriya yana ɗauke da kasadar canjin kuɗi. Dalar da ake canzawa a kan kimanin naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Faɗuwar naira na ƙara wa jarin dala daraja, farfaɗowarta kuma na iya cinye ribar da aka samu.

Wannan lissafi ya kuma nuna nisan maganin daga talaka. A kan naira 1,500, dala 199 ta kusa naira 300,000, fiye da albashin wata huɗu na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Inda magani ya yi tsada kuma ake rububinsa, jabu kan kunno kai. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi game da jabun semaglutide da aka gano a Birazil da Birtaniya da Amurka.

6.0 Matsalar Kalmomi

Kalmar "riba" a rubutun Hausa na yau da kullum tana ɗauke da kalmomi biyu da karin sauti da tsawon wasali suka bambanta: ribar ciniki wadda ta halatta, da riba ta kuɗin ruwa wadda Musulunci ya haramta. Marubucin da bai fayyace ba zai iya sa mai karatu ya ɗauki halal a matsayin haram, ko akasin haka. Haka nan "zuba jari" ta zama rigar da kowa ke sawa. Da ita aka tallata hannayen jarin bankuna kafin rugujewar kasuwar Legas ta 2008, da ita aka tallata MMM wanda ya daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016, da kuma CBEX wanda ya rushe a Afrilun 2025. Na farko mallakar yanki ne na kamfani mai rijista, na baya kuwa tsarin biyan tsofaffin shiga ne da kuɗin sababbi. Akwai kuma na uku, wato saye da safe domin sayarwa da yamma bisa jita-jita, wanda ya fi kusa da caca. Mafi yawan malaman fiƙihu sun halatta mallakar hannun jarin kamfanin da sana'arsa halal ce bisa wasu sharuɗɗa, amma sun hana sayar da hannun jarin aro, domin sayar da abin da mutum bai mallaka ba ne.

Ita ma "ƙiba" tana buƙatar rarrabewa tsakanin cikar jiki ta lafiya da teɓar da likita ke kira cuta, wadda ake ƙiyastawa da ma'aunin nauyi da tsawo idan ya kai 30. Idan fassara ta kira duka biyun "ƙiba", gargaɗin likita zai yi karo da yabon da al'ada ta saba yi.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi yadda hannun jarin Hims & Hers ya tashi ya faɗi tsakanin 2024 da 2025, ta nuna cewa sanarwar hukuma da shawarar kamfanin da ya mallaki maganin su ne suka fi juya farashinsa. Ɗan kasuwar Dirin Daji yana da ilimin da zai fahimci wannan da shi, domin ya san ribar ƙaranci da ranar da take ƙarewa. Abin da ya rage shi ne kalmomin da za su raba masa ribar ciniki da kuɗin ruwa, mallakar kamfani da caca, cikar jiki da teɓa. Samar da waɗannan kalmomi da daidaita su aiki ne da ya rataya a wuyan sassan nazarin Hausa na jami'o'i, tare da haɗin gwiwar likitoci da masana tattalin arziki da malaman fiƙihu, kafin masu talla su riga su cike giɓin.